Waya ta Biyu da ta Uku

Takardar likitan Baba za ta mutu ranar talatin da ɗaya ga Oktoba, kuma likitan ya faɗa masa a gabana cewa ba zai sake sa mata hannu ba. Ido ne. Abin da ke nesa yana gani daidai gwargwado, amma ciwon ci yake yi, gwaji na gaba ba zai tsallake ba. In babu takardar nan, babu tuƙa jirgin sama. Da muka fito daga asibitin ya tsaya a bakin mota ya nuna ni da yatsa.

"Draha, in kika gaya wa baffanki, ba ni ba ke."

Shekarata arba'in da shida, 'ya'yana biyu suna jami'a, amma haka Baba yake min magana har gobe.

Jirgin kuwa shekara goma sha ɗaya suna ƙera shi, shi Baba Vendelin da ƙanensa, Baffa Lubor. Na katako ne da yadi, kujera biyu gefe da gefe. A rumbun kakanmu suka fara, da fukafukai suka ƙi shiga suka kwashe shi zuwa rumfar kulob ɗin masu ƙananan jirage, a filin ciyawar da ke bayan ƙauyenmu. Baba ya yi shekara arba'in yana haɗa wayoyi a masana'antar jirage. Baffa kuma shagon gyaran rediyo da talabijin ya riƙe har ya tsufa. Kowannensu ya san aiki, wannan ita ce masifar.

Shekara takwas na farko faɗansu irin na kullum ne, a yi a sha giya a manta. Sai maganar katakon gaba ta zo. Iska ta kayar da tsohuwar bishiyar da kakanmu ya shuka a bayan gida, Baba ya ajiye katakonta har ya bushe, ya yanko wanda za a sa a gaban matuƙi. Sanyin shekara guda ya ƙare yana goge shi. Ya huda ramuka shida zagayayyu, na agogai masu allura irin waɗanda ya saba da su: na gudu, na nisan sama, na mai, da sauransu. Daga nan ya tafi wurin jinya da wankan ruwan zafi na mako biyu saboda bayansa. Kafin ya dawo, Baffa ya samo wani allon lantarki na hannu da aka ciro daga wani jirgi, irin wanda ke nuna komai a fuska ɗaya, ya ɗauki zarto ya haɗe ramuka shidan suka zama ƙaton rami ɗaya mai kusurwa huɗu.

Da Baba ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya, a gaban duk tsofaffin kulob, ya ce ya rantse da kabarin babansu hannunsa ba zai taɓa talabijin ɗin nan ba. Tun ranar ba su sake ce wa juna uffan ba. Shekara uku cur.

Kuma babu wanda ya bar jirgin, don kowa gani yake in ya bari ɗayan zai ɓata shi. Sai suka raba yini. Baba daga safe zuwa ƙararrawar cocin sha biyu. Baffa yana zuwa sha biyu saura, ya zauna a cikin motarsa har sai ya ga keken Baba ya sha kwana, sannan ya fito. Saƙo kuma ta bakina yake bi. "Gaya wa ubanki." "Gaya wa baffanki." Ni ce mai kula da kwamfutoci a kamfanin madara na gundumarmu, saboda haka a wurinsu duk abin da ke da maɓalli aikina ne, har da su kansu.

Tsakiyar Satumba jirgin ya kammala. Sufeto ya zo, Pan Kolaja, mutum mai haƙuri da ƙaramin madubi a kan sanda. Ya leƙa ko'ina, ya yaba ɗinkin yadi, ya yaba inji. Sai ya kunna allon. Tanki a bushe yake ƙayau, allon ya ce a cike yake. Wurin ƙarfin man inji babu komai sai jan layi. Iyakar gudun da ke ciki kuwa ta tsohon jirgin da aka ciro shi ce, wanda ya ninka namu sauri.

"Wannan har yanzu yana zaton yana gidan tsohon ubangidansa," in ji Pan Kolaja. "Ku haɗa shi da kwamfuta ku gaya masa inda yake. Aikin rabin awa ne. Zan dawo Asabar, ashirin da shida ga Oktoba, kafin nan ba ni da rana."

Rabin awa. Allah ya yafe masa.

Allon yana magana da kwamfuta ne ta wani kebul da ya taso daga bayansa, can ƙarƙashin katakon gaba, ya bi gefen jirgi ya fito a wani soket mai ramuka tara kusa da kujerar dama. Kwamfutata ba ta da irin wannan bakin, an daina yin sa tun ina budurwa. Na sayi ɗan mahaɗi. Kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Na nemo manhajar da za ta sa ta san shi, ta karɓa, sannan ta ce sai ta sabunta kanta tukuna, kada in kashe ta. Minti arba'in muna zaune ni da Baffa muna kallon ɗigo yana zagaye. Da ta gama ta manta mahaɗin gaba ɗaya.

Kwana uku na yi kafin manhajar allon ta yarda ta buɗe. Na danna. Ta yi tunani kaɗan, ta rubuto: Babu amsa daga na'ura.

Wannan jimlar na karanta ta fi sau dubu. Na canza lambar ƙofar da kebul ke shiga, na canza saurin magana, daga mafi ƙasa har mafi sama, ɗaya bayan ɗaya. Na nemi kamfanin da ya ƙera allon, ashe ya rufe tuntuni, a adireshinsa yanzu tayal ake sayarwa. Na shiga dandalin masu ƙera jirage a intanet na rubuta matsalata dalla-dalla. Wani daga Amurka ya amsa cewa nasa yana aiki lafiya lau. To, madalla. Wani ya tambaye ni ko na kunna allon. Can na tono wata tsohuwar magana ta shekara tara da suka wuce, wani ya sami irin matsalata sak, sai a ƙasa ya ƙara da cewa, "Ku bar shi, na gyara." Bai faɗi yadda ya gyara ba. Ban san mutumin nan ba, amma na tsane shi.

Kullum in na tashi aiki ƙarfe biyar ina rumfa. In na gama shan wahala sai in biya ta gidan Baba in kai masa abinci, don tun rasuwar Mama in an bar shi burodi da albasa zai yi ta ci. Wani yammaci na zuba masa miyar tafarnuwa, ya ɗaga cokali yana hura ta.

"Yaya, talabijin ɗin baffanki ya fara nuna wasan yara?"

"Baba, don Allah ka bar ni. Kaina ciwo yake."

"Ni me na ce? Tambaya na yi."

"Ina jin waya ta biyu da ta uku na cikin kebul ɗin ne. Ɗaya baki ce, ɗaya kunne. Bakin kwamfuta ya kamata ya shiga kunnen allo. In an haɗa baki da baki, kunne da kunne, kowa na ta magana babu mai ji. Na ce wa Baffa ya juya su gobe."

"Ba ruwana," in ji Baba. "Gishiri ya yi kaɗan."

Washegari na tarar da Baffa yana jirana a bakin rumfa, hannu a baya, fuska a sake.

"An juya, 'yata. Ta biyu ta koma uku, ta uku ta koma biyu. Na buɗe soket na yi da hannuna. Danna ki ga aiki."

Na danna. Babu amsa daga na'ura.

A gidan Baba kuma na same shi yana juyowa da duk jikinsa in zai kalle ni, wuya ya sanƙare. Ya ce matashin kai ne. Na shafa masa man zafi ina masa faɗan ya sayi sabo, shi kuma yana tambayata, wai a kan hanyar hira, ko talabijin ɗin ya yi tari. Na ce ko tari bai yi ba. Na ɗauka ma daɗi ya ji.

Tunda an juya wayoyi bai yi ba, na cire su daga lissafi, na koma zargin mahaɗin. Na sayi na biyu, na aro na uku. Tsofaffin kulob suka mai da ni abin kallo, kowa da kofin kofi da shawararsa. Wannan ya ce batir ne. Wancan ya ce jikansa yakan kashe ya kunna. Wani ya ce a zamaninsu zare ake ɗaura wa fiffike a san inda iska take, kuma babu wanda ya mutu, sai mutum biyu. Ina murmushi ina ƙirga kwanaki a zuci. Su a wurinsu raha ce. Ni kaɗai na san cewa kowace rana da ta faɗi, daga cikin kwanakin Baba aka zare ta.

Mako na biyu na Oktoba na tuna da ɗakin ajiyar kamfaninmu. Na tono wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin buhun dankali, tana da bakin nan mai tara na asali, ba sai da mahaɗi ba. Batirinta ya mutu, sai da na jawo wayar wuta daga wancan ƙarshen rumfar, mutum uku suka yi tuntuɓe da ita, ɗaya ya cire ta daidai lokacin da nake tsakiyar sa manhaja. Ban zage shi ba, don ya girmi Baba. Da komai ya zauna na ja numfashi na danna.

Babu amsa daga na'ura.

Sai na yi wani tunani. Wataƙila tun farko wayoyin daidai suke, mahaɗan ne na banza, mu kuma muka je muka juya abin da yake daidai. Na ce wa Baffa ya mayar da su yadda suke. Da yamma Baba ya tambaya, na faɗa masa, don bakina ba ya riƙe abin da ke damuna in na gaji. Ya ce ba ruwansa. Washegari Baffa ya mayar. Na danna. Babu amsa. A gida wuyan Baba ya sake sanƙarewa, ga filasta a yatsa biyu. Ya ce wuƙar burodi ce.

To yanzu an gwada a juye, an gwada a miƙe, da kwamfutar da ba ta da uzuri. Me ya rage? Na rufe ta na ce wa Baffa allon ya mutu ta wannan ɓangaren. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya cire hularsa. Na tausaya masa, don allon nan shi ne duk abin da ya rage masa na gaskiya a faɗan. Ya yi waya nan da can, aka ce sabo sai bayan mako shida.

"To, shi ke nan," ya ce yana mai da hula. "Ai ba gudu jirgin zai yi ba. Mun yi sha ɗaya, sai mu cika sha biyu. In sanyi ya wuce a tashi."

Na ciji leɓena har na ji gishiri. Ga magana a bakina, ga yatsan Baba a idona. Na fita waje na zagaya rumfar sau biyu ina magana ni kaɗai.

Ranar Talata, saura kwana huɗu sufeto ya zo, na yanke shawarar cire allon in kai wa wani mai gyara a birnin Brno, ko da roƙo ne. Baffa ya tafi gida da wuri, ya ce ba zai iya kallo ba. Duk makonnin nan ban taɓa leƙa bayan allon ba, don babu hanyar zuwa wurin sai ka kwanta rigingine, kai a wurin ƙafafun matuƙi, ƙafafunka a sama kan kujera, ƙarfen sitiyari yana tokare maka haƙarƙari. Na shiga da ƙyar, tocila a baki.

Aikin Baffa ne ko'ina. Shi da ɗaurin roba yake tattara wayoyi, baƙaƙe, kuma ba ya yanke musu jela. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai ga ɗan filogin da kebul ɗin kwamfuta ke shiga bayan allo. A wuyansa babu roba. Farin zare ne mai kakin zuma, zagaye uku, an ƙulle shi an yanke tsaf. Sabo fil, ko ƙura bai ɗauka ba.

Na san ƙullin nan. Da shi ake ɗaure wayoyi a masana'anta a zamanin da. Da shi aka gyara min igiyar jakar makaranta, da shi ake ɗaure tumatir a jikin sanda a lambunmu, da shi ake ɗaure kyautar Kirsimeti har sai an nemo almakashi. Na zare murfin filogin. Waya ta biyu da ta uku, dalmarsu tana ƙyalli, an narka an sake an narka.

Ina kwance a nan, ƙafafu a sama, na yi lissafi. Sau biyu na yi maganar wayoyin nan a kan miya. Sau biyu wuyan Baba ya sanƙare. Da safe shi ya juya su a nan ƙarshen, da rana Baffa ya juya su a can ƙarshen, ƙarfe biyar ni kuma in zo in danna kebul da ya koma daidai inda ya taso. Da na ce a mayar, su biyun suka mayar. Mako biyar. Na tofar da tocilar na ƙwalla ihun da ya tashi tantabarun rufin rumfar.

Laraba ban je aiki ba. Sha biyu saura kwata na ɗauke keken Baba na kulle shi a ɗakin kayan aiki, na sa makullin a aljihu. Na je na ƙwanƙwasa gilashin motar Baffa.

"Fito."

"Ubanki bai tafi ba."

"Ba zai tafi ba. Fito, Baffa, kafin in sace iskar tayarka."

Na tsayar da su a gaban jirgin, ɗaya a wannan gefen farfela, ɗaya a wancan, kowa yana kallon wani wuri daban kamar masu jiran bas. Na buɗe tafin hannuna. Na yanko ƙullin na zo da shi.

"Wa ya ɗaura wannan a bayan allo?"

Baffa ya ɗauka ya juya shi a yatsunsa. Girarsa ta ɗaga.

"Draha, gaya wa ubanki na san wannan ƙullin."

"Gaya wa baffanki zare a kasuwa ake sayar da shi," in ji Baba.

"Babu wanda zan gaya wa komai! Ku biyun kuna da kunne!" Na faɗa musu duka, safe da rana, juyawa da mayarwa, wuya da filasta. "Mako biyar ina zagin kwamfuta, ina zagin mutanen da ban sani ba a intanet, ashe ku ne! Da ɗayanku ya ce wa ɗaya 'na juya', kalma biyu, da tuni an gama! Tsofaffi biyu, shekara ɗari da arba'in in an haɗa ku!"

Baffa ya fashe da dariya har yana dafa fiffike.

"Kai, kai, kai! Ashe kabarin babanmu ya sha rantsuwa a banza! Ashe ana shiga ƙarƙashin talabijin a ɓoye! To me ya yi zafi haka? Tambaye shi, Draha, me yake ci masa rai? Mutumin da ya yi sanyi guda yana goge katako ɗaya, yau shi ke gaggawa? Baɗi ma ai shekara ce."

"Babu baɗi!"

Ban san lokacin da ta fita ba. Da ta fita kuma na bar ta ta ƙarasa.

"Alhamis ta mako mai zuwa takardarsa za ta mutu. Likita ba zai sabunta ba. Idonsa ne. In bai tashi kafin nan ba, ba zai taɓa tuƙa jirgin nan ba har abada."

Dariyar ta tsaya cak. Baba ya gyara zaman hularsa.

"Na gode, Draha," ya ce. "Kin kyauta."

Baffa ya juya ya leƙa cikin jirgin. A gefen babban ramin da ya yanka har yanzu ana ganin sauran bakin ramukan Baba, guntayen da zarto bai ci ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tun yaushe?" Ni ya tambaya.

"Shekara uku da rabi," in ji Baba. Bango yake gaya wa. "Allura ina ganinta. Ba sai na karanta ba, in ta tsaya inda ta saba na san lafiya. Waɗannan 'yan lambobin kuwa, in ban sa gilashin masu gyaran agogo na kafa hanci ba, tururuwa kawai nake gani."

Ni ma ban san wannan ba. Ni da na kai shi asibiti sau nawa, ban taɓa haɗa idon da ramuka shidan ba. Na ɗauka taurin kai ne tsagwaronsa. Haushinsa ya kama ni, da haushin Baffa, da na kaina, har na rasa wanda zan fara da shi.

"Me ya hana shi faɗa?" in ji Baffa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tambaye shi me ya hana shi tambaya kafin ya ɗauki zarto."

Na ce to, yanzu kebul yana yadda yake tun farko, abin da ake bukata a juya wayoyin a ƙarshe ɗaya. Ban rufe baki ba sai na ga Baba ya nufi akwatinsa, Baffa ya nufi nasa, kowa ya ɗauko ƙarfen narka dalma.

"Mutum ɗaya!" na yi tsawa. "Ɗaya! Ya ilahi, so kuke ku kashe ni?"

Na ƙwace na Baba na zauna a kansa, sa'ar da ba a jona shi ba. Baffa ya buɗe soket. Minti huɗu ya yi. Na jona tsohuwar kwamfuta na danna, wani koren layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, ta rubuto sunan allon da lambarsa kamar ba ita ba. Na ɗauka zan yi tsalle, amma gajiya kawai na ji. Muka zuba mai a tanki lita biyar-biyar ina gaya wa allon, na sa masa iyakar gudunmu, na nuna masa ƙarfin man inji. Rabin awa, kamar yadda Pan Kolaja ya ce. Bayan nan na yi awa biyu ina tona kowane lungu na manhajar, ko akwai inda zai nuna manyan agogai masu allura. Babu. Lambobi kawai ya iya, ƙanana.

Ranar Alhamis Baba ya zo da safe, Baffa ya jira a mota har keke ya sha kwana. Na rantse, har hannu na ɗora a ka.

Asabar Pan Kolaja ya zo ya duba ya gamsu. Shi ya fara tashi da jirgin, kamar yadda doka ta ce, ranar da kuma Lahadi, ya juya shi ta ko'ina a saman gonaki, ya sauko ya ce yana ɗan karkata hagu amma yaro ne mai biyayya. Ya sa hannu da yammacin Lahadi, rana ta riga ta yi ƙasa. Litinin hazo ya sauka. Talata ko ƙarshen fili ba a gani. Laraba haka. Baba yana zuwa da safe ya zauna a bakin rumfa yana kallon farin banza, ni kuma ina ofis ina duba hasashen yanayi a wurare huɗu, ina jin haushin duka huɗun.

Alhamis, talatin da ɗaya, wajen ƙarfe biyu na rana hazon ya yage. Na bar aiki ko jaka ban ɗauka ba. Na tarar an turo jirgin kan ciyawa, tsofaffin kulob sun jeru, Baffa yana can gefe jingine da motarsa da wata jakar leda a hannu. Baba ya zagaya jirgin yana shafa shi, ya hau kujerar hagu, ya ɗaura bel, ya tayar da inji. Farfela ta ɗauka. Muka jira.

Minti biyar bai motsa ba. Ina hango kansa yana sunkuyawa kusa da allon, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Sai injin ya mutu. Ya buɗe ƙofa.

"Draha."

Na matsa.

"Gaya wa baffanki…"

"A'a," na ce. "Ga shi can. Taku goma ne. Ni na yi ritaya."

Ya harare ni. Ban sauke ido ba. Rana tana gangarowa, kowa ya zuba ido, har wanda ya cire min wayar wuta. Baba ya kalli katakon gaba, ya kalli sama, ya share hanci da bayan hannu.

"Lubor," ya ce. "Zo ka karanta min talabijin ɗinka."

Baffa ya taso daga jikin motarsa. Ya buɗe jakar ledar ya ciro abin kunnensa na tuƙi, da lasisinsa a cikin roba. Daga baya aka gaya min tun Litinin yake zuwa da jakar nan da sassafe, ya zauna a mota.

Suka tafi ƙarshen fili. Jirgin ya taho a guje, wutsiya ta ɗaga, tayoyi suka rabu da ciyawa. Sai rediyon hannu da ke kan teburin kulob ya yi ƙara. Baba ya damƙe sitiyari da ƙarfi har babban yatsansa ya danne maɓallin magana bai sani ba, duk filin yana jin su.

"Tamanin da biyar," muryar Baffa. "Casa'in. Man inji lafiya."

"Ƙarya ne, ya fi casa'in. Ina ji a kujera."

"Casa'in da biyu. Kujerarka ce za ta gaya min? Karkata dama kaɗan, kana jan hagu."

"Fiffiken hagu wa ya ƙera?"

"Ɗari. Nisa mita ɗari biyu. Ka kalli gabanka, Vendelin, ni zan kalli nan."

"To ka ɗaga murya mana, kamar ba ka ci abinci ba!"

Wani ya miƙa hannu zai kira su ya ce su saki maɓallin, sun toshe wa kowa layi. Na buge hannunsa. Na jawo kujera na zauna kusa da rediyon, fuskata duk ta jiƙe, ina sauraren Baffa yana karanta wa Baba lambobi ɗaya bayan ɗaya, Baba kuma yana ƙaryata kowace.